Ido Ba Mudu Ba: Auna Kaurin Sinadari ta Hanyar Haske

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Macen da ke dafa zoɓo ba ta neman wani ma'auni kafin ta gane ko ya yi kauri ko ya tsinke, da zarar ta ɗebo a ludayi ta dubi launinsa ta san ko akwai buƙatar ƙarin ruwa. Haka mai shayi yake gane ƙarfin shayinsa, haka kuma marini yake duban tsumma ya san ko baba ya kama. Dukkansu hukunci ɗaya suke yankewa, wato gwargwadon duhun launi, gwargwadon yawan abin da ya narke a cikin ruwan.

A kan wannan kimantawa ta ido aka gina wani babban reshe na awon kimiyya. Na'urorin da ke auna sinadarai da haske suna yin abin da mai zoɓo ke yi, sai dai su lamba suke bayarwa a inda ita take bayar da ƙiyasi. Da irinsu ake sanin ko ruwan famfo ya sami isasshen magani, da su ake gane ƙarancin jini ga mai juna biyu, da su kuma ake yanke shawarar ba yaro iskar oksijin ko a hana shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idar da waɗannan na'urori suka dogara a kanta, da tarihin samuwarsu a taƙaice, sannan a kawo misalai biyu na yadda ake aiki da su, tare da nuna wuraren da suke kuskure. A cikin maƙalar an yi amfani da kalmar "kauri" da ma'anar yawan sinadarin da ke cikin wani ƙayyadadden adadi na ruwa ko jini, misali miligiram kaza a kowace lita.

2.0 Haske da Launi

Farin haske irin na rana gamayyar launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Abin da ya bambanta wannan launi da wancan shi ne tsawon zangonsa. Mai sauraren rediyo ya saba da jin ana cewa tasha kaza tana kan mita 49 a gajeren zango. Haske ma a zango-zango yake tafiya, illa iyaka zangonsa gajere ne ƙwarai, don haka da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya daga cikin kashi miliyan dubu na mita. Idon ɗan'adam yana ganin abin da ya kama daga wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Akwai haske a gaba da waɗannan iyakoki biyu wanda ido ba ya gani. Wanda zangonsa ya fi na ja tsawo za a kira shi hasken bayan-ja a wannan maƙala, wanda kuma zangonsa bai kai na shunayya ba a kira shi hasken bayan-shunayya.

Kowane sinadari yana da launukan da yake shanyewa da waɗanda yake bari su wuce. Zoɓo yana shanye koren haske ya bar ja, shi ya sa ido ke ganin sa ja. Baba yana shanye hasken da ke tsakanin rawaya da ja, sai ya bayyana shuɗi. Ke nan launin da ido ya gani ragowa ce, wato abin da ya tsira bayan sinadari ya ci rabonsa. Tun da yake salon shanyewar kowane sinadari nasa ne shi kaɗai, ana iya gane shi da wannan salo kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsarsa. Da makamanciyar wannan hanya, ta duban launukan da abu ke fitarwa in an sa shi a harshen wuta, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka gano sababbin sinadarai biyu a birnin Heidelberg na Jamus a 1860 da 1861.

3.0 Dokar Shanyewar Haske

Gane sinadari mataki ɗaya ne, sanin yawansa kuma wani mataki ne dabam. Mutum uku ne suka shimfiɗa dokar da ta haɗa haske da yawa. Pierre Bouguer, Bafaranshe, shi ya fara bayyana ta a 1729. Johann Heinrich Lambert ya tsara ta cikin lissafi a 1760. Daga baya August Beer, Bajamushe, ya nuna a 1852 cewa tana aiki a kan kaurin abin da ya narke a ruwa. Da sunayen na biyu da na uku aka fi sanin dokar.

Ɓangaren farko na dokar ya shafi nisan da haske ya ratsa. A ɗauka an zuba zoɓo a kwalba mai faɗin santimita ɗaya, aka haska ta da koren haske, rabin hasken ya fita ta ɗaya gefen. Idan aka jera kwalba ta biyu a bayanta, ita ma za ta cinye rabin abin da ya iso gare ta, sai rubu'i ya rage. Kwalba ta uku za ta bar kashi ɗaya cikin takwas. Wannan ne dalilin da ya sa zoɓo ke yin duhu a cikin tukunya, amma ya yi haske a cikin cokali, alhali zoɓon ɗaya ne.

Ɓangare na biyu, wanda Beer ya ƙara, shi ne cewa ninka kaurin ruwan daidai yake da ninka nisan. Haske bai damu da faɗin kwalba ba, yawan ƙwayoyin sinadarin da ya ci karo da su a hanya shi ne abin lissafi. Saboda haka idan aka tsayar da faɗin kwalba a kan santimita ɗaya, kamar yadda aka saba yi a ɗakunan gwaji, duk wani canji da aka gani a hasken da ya fita daga kauri ya zo.

Domin sauƙaƙa lissafi, masana sun ƙirƙiro wani ma'auni da za a iya kira lambar shanyewa. Idan kashi 10 cikin ɗari na hasken ya fita, lambar ita ce 1. Idan kashi 1 cikin ɗari ya fita, lambar ita ce 2. Idan kuwa kashi ɗaya cikin dubu ne, lambar ta zama 3. Amfanin wannan lamba shi ne tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri: in kauri ya ninka, ita ma ta ninka.

4.0 Daga Ido zuwa Na'ura

A ƙarni na 19 wani maƙerin kayan gilashi a birnin Faris mai suna Jules Duboscq ya ƙera na'urar kwatanta launi. A cikinta ana ajiye ruwan da aka san kaurinsa a gefe guda, wanda ake son aunawa a ɗaya gefen, mai awo ya yi ta gyara zurfin ɗayansu har launukan biyu su yi daidai a idonsa, sannan ya fitar da amsa daga bambancin zurfin. Har yanzu dai ido ne alƙali, ido kuwa yana gajiya, kuma mutum biyu ba sa ganin launi daidai wa daida.

An fita daga wannan matsala ne da samuwar idon lantarki, wato wani ɗan abu da ke mayar da hasken da ya faɗo masa ya zama wutar lantarki gwargwadon ƙarfin hasken. A 1941 kamfanin Arnold Beckman a Amurka ya fitar da na'urar da aka sani da DU, wadda ke iya aiki har da hasken bayan-shunayya. Kafin zuwanta, mai son sanin yawan bitamin A a cikin abinci yakan ciyar da ɓeraye na tsawon makonni yana lura da girmansu. Da ita aikin ya koma na 'yan mintoci. An ci gaba da ƙera ta har 1976.

4.1 Sassan Na'urar

Komai ƙanƙantar irin wannan na'ura, ba ta rasa sassa huɗu. Na farko fitila ce mai ba da haske. Na biyu matacin launi ne, wanda ke zaɓo zango ɗaya ya tare sauran. A ƙananan na'urorin zamani akan haɗe waɗannan biyu ta hanyar amfani da 'yar fitilar da launi ɗaya kawai take fitarwa. Na uku mazubin samfuri ne, na gilashi ko na roba mai garai-garai. Na huɗu shi ne idon lantarki, tare da ƙwaƙwalwar da ke mayar da abin da ya gani lamba.

4.2 Daidaita Ma'auni

Mai awon nama yakan cire nauyin kwano kafin ya faɗi nauyin nama. Haka nan ake fara sa mazubi ɗauke da ruwan da babu launin da ake nema a cikinsa, a saita na'urar a kan sifili, domin a cire rabon gilashi da na ruwan kansa. Bayan haka sai a auna wasu ruwaye da aka haɗa da hannu, waɗanda aka san kaurinsu. A ɗauka, alal misali, mai miligiram 1 a lita ya ba da lambar shanyewa 0.2, mai miligiram 2 ya ba da 0.4. Idan samfurin da ba a sani ba ya ba da 0.3, to kaurinsa miligiram 1.5 ne a lita. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta san komai da kanta ba. Kwatantawa take yi da abin da aka nuna mata tun farko, don haka ingancin amsarta bai wuce ingancin abin da aka daidaita ta da shi ba. Za a ga muhimmancin wannan batu a sashe na 6.3.

5.0 Misali na Farko: Kulorin a Ruwan Sha

Ana zuba kulorin a ruwan sha domin kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifod. Idan ya yi kaɗan ƙwayoyin za su tsira, idan ya yi yawa mutane za su ƙi ruwan saboda wari su koma rafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami ragowar kulorin da bai gaza miligiram 0.5 a lita ba bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ruwan ya isa hannun mai sha.

Matsalar ita ce kulorin a wannan ƙanƙanin adadi ba shi da launin da za a gani. Mafita ita ce a ara masa launi. A 1957 wani masanin ruwa a Ingila, Dokta Palin, ya fito da hanyar amfani da sinadarin da ake taƙaita sunansa da DPD. Idan aka jefa ƙwayarsa a cikin samfurin ruwa, kulorin ɗin da ke ciki zai mayar da ruwan ja-ja mai haske, kuma duhun launin yana bin yawan kulorin. Sai na'ura ta haska koren haske, wanda shi ne launin da wannan ruwa ya fi shanyewa, ta ba da lamba. Inda babu na'ura akan kwatanta launin da wani kati mai matakan launi, wato a koma ga hukuncin ido.

Wannan misali yana nuna iyakokin dokar a fili. Idan ruwan gurɓatacce ne, ƙwayoyin laka za su watsa hasken su hana shi isa ga idon lantarki, na'urar kuma ta ɗauka shanye shi aka yi, sai ta ba da lambar da ta wuce gaskiya. Shatin yatsa a jikin mazubi ko kumfar iska a cikin ruwan kan haifar da irin wannan kuskure. Bugu da ƙari, idan samfuri ya yi kauri ainun, hasken da ke fita yakan yi ƙaranci har lambar ta daina bin kauri sau da ƙafa, dole a tsinka shi da ruwa mai tsabta a sake awo. Masu ƙera na'urori sun nemi dabarun kauce wa wasu daga cikin waɗannan. Na'urar HemoCue ta ƙasar Suwidin, wadda ake auna yawan jini da ita a asibitoci da dama, tana amfani da zango biyu a samfurinta na Hb 201: nanomita 570 domin awon, da 880 domin cire rabon gurɓata.

6.0 Misali na Biyu: Na'urar Yatsa

Daga cikin dukkan waɗannan na'urori babu wadda jama'a suka fi sani kamar 'yar abin da ma'aikaciyar jinya ke maƙala wa majiyyaci a yatsa, musamman tun daga annobar korona ta 2020. Abin mamaki game da ita shi ne tana auna abin da ke cikin jini ba tare da an ɗibi jinin ba. Yatsar ce mazubin samfuri.

6.1 Tarihinta

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. Tun a 1864 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa salon shanyewar haskensa yana canzawa idan ya ɗauki oksijin da kuma idan ya sauke ta. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ja ne wur, wanda ya sauke ta kuwa ja ne mai duhu. A 1935 Karl Matthes a Jamus ya haɗa na'ura mai launi biyu domin auna wannan bambanci a jikin mutum, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Glenn Millikan ya ƙera wadda ake maƙalawa a kunnen matuƙan jiragen sama. Dukkansu sun yi fama da matsala ɗaya: hasken yana ratsa fata da nama da jinin da ya riga ya sauke oksijin, kowanne yana cin rabonsa, ba a san yadda za a ware rabon jinin da ake nema ba.

Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya warware wannan ƙulli a 1972. Wani aiki dabam yake yi, na auna yawan jinin da zuciya ke turawa, bugun jini kuma yana dagula masa sakamako. Sai ya fahimci cewa abin da ya ɗauka cikas shi ne mabuɗi. Kamfanin ya nemi rajistar ƙirƙirar a 1974. A farkon shekarun 1980 kamfanonin Amurka suka fitar da samfuran da suka bazu a ɗakunan tiyata. Aoyagi ya rasu a watan Afrilu na 2020.

6.2 Yadda Take Aiki

A gefe ɗaya na na'urar akwai 'yan fitilu biyu, ɗaya tana ba da jan haske mai zangon nanomita 660, ɗayar kuma hasken bayan-ja mai zangon wajen 940. A ɗaya gefen akwai idon lantarki. Himogulobin da ya sauke oksijin yana shanye jan haske fiye da wanda ke ɗauke da ita, a hasken bayan-ja kuwa lamarin ya juya. Duk lokacin da zuciya ta buga, jijiyoyin da ke kawo sabon jini a yatsa sukan ɗan kumbura, hasken da ke fita ya ragu, sannan ya dawo kafin bugu na gaba. Fata da ƙashi da farce ba sa bugawa. Saboda haka na'urar tana ɗaukar ɓangaren da ke hawa da sauka kaɗai a matsayin rabon sabon jini, ta kwatanta girmansa a launi na farko da girmansa a launi na biyu.

Sai dai nama yana watsa haske ta yadda dokar Beer da Lambert ba ta isa ta ba da amsar ƙarshe ita kaɗai ba. Abin da kamfanoni ke yi shi ne su tara masu aikin sa-kai lafiyayyu, a rage musu oksijin a iskar da suke shaƙa sannu a hankali har jininsu ya sauka zuwa wajen kashi 70 cikin ɗari, ana ɗibar jininsu ana auna shi kai tsaye, ana kwatantawa da abin da na'urar ta gani. Jadawalin da aka samu daga nan shi ake zubawa a ƙwaƙwalwar kowace na'ura. Lafiyayyen mutum yakan nuna kashi 95 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yaro oksijin idan lambarsa ta gaza 90, ta kuma sa na'urar a jerin abubuwan da ake dubawa kafin tiyata, wanda ta fitar a 2008.

6.3 Inda Take Kuskure

Tun da na'urar launi biyu kawai take gani, duk abin da ya yi kama da ɗaya daga cikinsu zai iya yaudarar ta. Iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga hayaƙin janareto da garwashin da aka kunna a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, tana kama himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jinin da ta kama yana shanye jan haske kusan daidai da jinin da ya ƙoshi da oksijin. Sakamakon haka mutumin da hayaƙin janareto ke kashewa zai iya nuna lamba mai kyau a na'urar yatsa. Gano wannan guba na buƙatar na'urar da ke amfani da zanguna masu yawa. Sanyin yatsa, da motsi, da jan farce mai duhu, da baƙin lalle su ma suna iya rikita awon.

Kuskuren da ya fi shafar mutanen Afirka shi ne na launin fata. Sinadarin melanin, wanda ke ba fata duhu, yana shanye jan haske fiye da hasken bayan-ja, dabarar Aoyagi kuma ba ta kawar da tasirinsa gaba ɗaya ba. Tun a 1990 likitoci biyu, Jubran da Tobin, suka ba da rahoton cewa na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙaƙen majiyyata. A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka buga sakamakon bincikensu a mujallar New England Journal of Medicine. Sun duba lokutan da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, suka kwatanta da awon jini kai tsaye. A asibitin jami'arsu, a kashi 11.7 cikin ɗari na awon da aka yi wa baƙaƙen fata, ainihin lambar ta gaza 88, a wajen fararen fata kuwa kashi 3.6 ne. Ma'ana, na'urar ta ɓoye haɗari kusan ninki uku a wajen baƙar fata.

Wani ɓangare na dalilin yana komawa ga batun daidaita ma'auni. Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013 ta nemi a sami masu duhun fata biyu kawai, ko kashi 15 cikin ɗari, a cikin waɗanda ake gwada na'urar a kansu. Hukumar ta fitar da gargaɗi a Fabrairun 2021, sannan a Janairun 2025 ta gabatar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a faɗaɗa gwajin ya game launukan fata daban-daban. Ga ƙasashen da kusan dukkan majiyyatansu baƙaƙe ne, kuma daga waje suke sayo na'urorin, bambancin maki biyu ko uku a kusa da 90 zai iya zama bambanci tsakanin yaron da aka ba oksijin da wanda aka sallama gida.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa awon sinadari da haske ya ginu a kan ƙa'ida guda, wato hasken da ya ɓace a cikin samfuri yana bin yawan abin da ya shanye shi. Ta nuna kuma cewa lambar da na'ura ke bayarwa kwatance ne da abin da aka daidaita ta da shi. Duk da raunin da aka ambata, na'urar yatsa ta fi ido nesa ba kusa ba wajen gane yaron da oksijin ta yi wa ƙaranci, musamman da yake shuɗin leɓe, wanda likitoci suka daɗe suna dogara da shi, yana da wuyar gani a baƙar fata. Abin da ya kamaci ma'aikacin lafiya shi ne ya haɗa lambar da saurin numfashin majiyyaci da yanayin da aka kawo shi, ya tambayi ko an kwana kusa da janareto ko garwashi, ya kuma ƙara sa ido idan lambar mai duhun fata ta tsaya a tsakanin 90 da 94. Masu sayo kayan asibiti kuma ya dace su nemi shaidar cewa an gwada na'urar a kan fata irin ta mutanen da za a auna da ita.